Kamfanin nan mai kawo kayan tireda har ƙauye ta odar waya, ga yadda na same su

Salamu alaikum 'yan uwa 'yan tireda. Maganar kamfanin nan ce da ke kawo kayan shago har ƙofa in ka yi oda ta waya, wanda yaransa ke zagaya ƙauyukanmu na tsakanin Ringim da Taura da riguna masu tambari suna yi wa mutane rijista, don na gaji da amsa tambaya ɗaya duk Lahadi a kasuwar Gujungu, wai in shiga ko kar in shiga. Sunansu dai ba zan kama ba, wanda ke yankin nan ya san su, wanda ba ya nan kuma ai irinsu na da yawa kuma duk tafiyar kusan ɗaya ce. Na yi rani da su na yi damina da su, har yanzu manhajar na cikin wayata ban goge ba, amma in ka ce in bar maigidana na kasuwar Singer in dogara da su kaɗai, toh gaskiya ba zan iya ba, kuma ba wai don kayansu ba su da kyau ba.

Yadda abin yake, kana buɗe manhajar za ka ga hotunan kaya da farashi, taliya, makaroni, sukari, fulawa, man girki, madara, omo, sabulu, magi, ashana, maganin sauro, har famfas. Ka zaɓa, ka tura kuɗi ta taransfa cikin wani asusu da suka buɗe maka a ciki, sai su faɗa maka ranar da motarsu za ta biyo layinku. Mota ɗaya ce ƴar Kanta, ƙaramar motar nan ta ɗaukar kaya, ke ɗauko odar shaguna da yawa daga sitonsu na Kano ta biyo ta Gezawa tana saukewa har ta iso mu. In ta iso akwai wata lamba da ake turo maka ta tes, ita za ka karanta wa direba, shi ne shaidar ka karɓi kayanka. Shikenan.

Bari in fara da inda suka burge ni don kar a ce hassada ce. Duk wanda ke saro kaya daga Kano ya san abin da ya same mu tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Kuɗin mota ya bi, kuɗin lodi ya bi, ɗan dako ya ƙara, mai kurkura da zai kai maka kaya daga Singer zuwa tasha ya ƙara, ga shagonka a rufe yini guda ko ka bar wa yaro ya yi maka ɓarna. A da da yawa daga cikinmu 'yan tiredar garinmu kowa ranarsa daban yake tafiya, kowa ya biya kuɗin kujera ya biya kuɗin kaya. Yanzu mota ɗaya ta kawo wa kowa. Ko ba ka yi boko ba ka san man da aka ƙona ya ragu, kuma yaron kamfanin ma abin da ya fi nanatawa kenan, wai suna rage hayaƙi suna kare muhalli. Ni dai muhallin da na fara gani shi ne aljihuna, amma dai maganarsa gaskiya ce.

Na biyu farashi a rubuce yake. Ba ruwanka da wani ya kalli fuskarka ya ga baƙauye ya ɗora maka wani abu. Kuma ban taɓa samun jabun kaya a wajensu ba, ko madarar da kwananta ya kusa ƙarewa, don a risit ɗin da ke fitowa a waya har ranar lalacewar kaya suke sawa. Wannan kam na yaba, don duk mun san yadda ake turo wa ƙauye ragowar abin da birni ya ƙi.

Toh daga nan ne labari ya fara canzawa.

Rijistar kanta ta kori mutane da yawa tun ba a je ko'ina ba. Sai kana da babbar waya, kuma ba kowace babbar waya ba, tsohuwa manhajar ba ta hawa, ko ta hau ta dinga maƙalewa. Yawancin 'yan tiredarmu rakani-kashi ce a aljihunsu, kuma ba rashin wayewa ba ne, ita ce cajinta ke kai kwana da kwanaki, ita ce ke kama sabis a inda babbar ke nuna babu. Tunda dala ta haura 1,500 a 2024 kuɗin babbar waya mai ɗan kyau ya kai jarin wani ƙaramin shagon gaba ɗaya, wa zai sayar da kayan shagonsa ya sayi wayar da zai yi odar kayan shago? Sannan ana neman NIN, ana neman BVN, kuma sai sunayen sun zo ɗaya, alhali rabin mutanenmu sunan da ke katin banki daban, na katin ɗan ƙasa daban, wani an sa sunan gari a ƙarshe wani an sa na kaka, ranar haihuwa kuwa duk wadda mai cike fom ya ga dama. Akwai maƙwabcina dattijo da ya fi ni ciniki nesa ba kusa ba, har yau bai samu shiga ba saboda harafi ɗaya a sunansa. Ya ce wa yaron, "Ɗan nan, ni da kuɗina a hannu, sai na je Dutse gyaran suna kafin ku sayar min da taliya?" Yaron ya ce, "Baba wallahi ba ni ba ne, na'ura ce ba ta yarda." Wannan amsar ta na'ura ce ba ta yarda, ku riƙe ta, za ku yi ta jin ta.

Wasu kuma suna da komai amma sun ƙi, kuma ban ga laifinsu ba. Ka ce wa mutum ya ɗauki hoton shagonsa, ya ba da lambobinsa, ya zuba kuɗi a wani asusu da ba ya ganin mai shi, mutumin da ya ji labarin MMM a 2016 ya kuma ga yadda CBEX ta tafi da kuɗin jama'a a 2025. Wani kuma tsoronsa haraji ne, yana ganin duk abin da ya saya ana rubutawa wata rana za a zo masa da takarda. Yaran kamfanin ba su da amsar wannan sai rantsuwa.

Sai netwok. Ana ta maganar 5G a birane tun 2022, mu nan in ka sauka daga kwalta ka yi 'yar tafiya sai ka ga wayar ta koma E, hoton katan ɗin taliya ma sai ya yi ta juyawa bai buɗe ba. Manhajar kuma an cika ta da hotuna da talla masu motsi, data take sha ba kaɗan ba, ga shi tun Janairun 2025 hukumar sadarwa ta amince a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari. Ni da dare nake odata, wajen sha biyu in gari ya yi shiru sabis ya ɗan sauko, ko in bari sai na fita bakin titi. Abin haushin shi ne ba za ka iya haɗa odarka ba tare da netwok ba ka ajiye in ya dawo ta tafi da kanta, a'a, yana ɗaukewa komai ya goge ka koma farko. Wanda ya ƙera abin nan ina da tabbacin bai taɓa zama inda sabis ke zuwa yana tafiya ba. Kuma duk da Turanci take, ba murya, alhali mutanenmu kasuwancinsu kaf da saƙon murya na WhatsApp suke yi, wanda ya yi allo yana rubuta lissafinsa da ajami tsaf amma a nan an mai da shi kamar bai san komai ba.

Biyan kuɗi ma haka. Mu ai wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023 ce ta koya mana taransfa dole, lokacin da aka sauya 200 da 500 da 1,000 takardar kuɗi ta ɓace, amma har gobe cinikin ƙauye tsaba ne, tsofaffin ɗari-ɗari da hamsin-hamsin. Kenan sai na kwashi cinikina na kai wa mai POS ya cire nasa ya tura min, sannan in tura wa kamfani a kuma cire naira 50 ɗin nan ta duk taransfar da ta kai 10,000. Ribar katan ɗin taliya nawa take da za a yi ta gutsurarta haka? Akwai lokacin da na tura, banki ya cire, su kuma suka ce bai shigo ba, odar ta mutu, motar ta zo ta wuce ta gaban shagona da kayan wasu, kuɗin bai dawo ba sai da sati ya zagayo. Na kira layinsu wata ta ɗauka da ladabi, "Yallaɓai ka yi haƙuri, mun tura ƙorafinka." Haƙurin na yi, amma wanda ya zo sayen sukari bai yi ba, shagon gaba ya wuce.

Yanzu taswira, wadda ita ce abin alfaharinsu. Wai kana zaune za ka ga motar a waya tana tafiya har ta iso. Eh ana gani, daga Kano har Ringim ɗigon yana tafiya gwanin sha'awa, tana sauka daga kwalta sai ya tsaya cak, ka yi ta kallonsa awa biyu a wuri ɗaya alhali motar har ta iso tana yi maka hon. Wannan ma da sauƙi. Babbar matsalar ita ce mu ba mu da adireshi irin wanda na'ura ke so, ba sunan layi ba lambar gida, kwatancenmu shi ne bayan masallacin Juma'a kusa da injin niƙa, ko gindin maina ta biyu in ka wuce firamare. Ga ƙauyuka masu suna ɗaya birjik, Sabon Gari nawa ne a Jigawa, Gidan wane da Unguwar wane nawa ne? An taɓa kai kayana wani gari mai sunan namu can wata ƙaramar hukuma. Kuma na'urar ce ke tsara wa direba hanya, ta zaɓi mafi kusa don a rage mai, ita ba ta san cewa hanyar da ta bi ta fadama daga Yuli zuwa Satumba ba ta biyuwa ba. Duk wanda ya ga ambaliyar 2022 a Ringim da Auyo da Kafin Hausa ya san in kogin Haɗeja ya cika, hanyar jiya ba ita ce ta yau ba. Direban ya sani sarai, ɗan Gumel ne, amma in ya kauce daga layin da aka zana masa sai a kira shi daga ofis a ce ya karkatar da mota, har a cire masa a albashi. Da damina sai da aka nemo shanu da samarin gari suka fito da motar daga taɓo, man da aka ce za a rage an ƙona ninkinsa, fulawar wani kuma ta sha ruwa.

Lambar karɓar kaya kuwa, tes ne, in ba sabis ba za ta shigo ba, ga kaya ga mai kaya ga direba ya san ka ka san shi, amma ba zai sauke ba sai lamba. Sai ka ga dattijo ya hau mashin ya tafi neman sabis direba na zaune yana jira. Shawara ɗaya a nan, ko lambar ta shigo kar ka karanta masa sai ka ƙirga kayanka ka duba ƙasan kowane katan, don kana ba da ita na'ura ta rufe maganar, jarkar da ta tsiyaye ta zama taka.

Sun kuma gwada kawo ƙananan oda da keke mai batir, daga wani ɗan sito da suka kama a bakin titi zuwa ƙauyukan ciki. Ranar da ya fara shigowa yara har bin shi suke don ba ya ƙara. Ni na so abin nan wallahi, ba mai ba hayaƙi ba baƙin mai. Amma rairayinmu ba kwalta ba ne, in ya ɗauko buhunan sukari ya shiga yashi ga zafin watan Afrilu, batirin da aka ce zai kai ya dawo tun a hanyar dawowa yake mutuwa. A ina za a yi caji? Garin da in an kawo wuta sai an yi shewa, mu da wayoyinmu ma wajen mai caji muke kaiwa. A Oktoban 2024 da layin wuta ya lalace Arewa ta yi fiye da sati a duhu, ai kowa ya ga iyakar abin. Ƙarshe janareto suka koma tayarwa suna cajin keken, ka ga an ƙona man a wani wuri kenan don kar a ƙona shi a hanya. Da sola suka kafa a siton tun farko da wata maganar ake, rana dai ba ma rashinta, amma yaron ya ce kuɗin faranti da batiran ya fi ƙarfin reshensu. Da wani abu ya lalace a keken kuma duk bakaniken yankin nan ba wanda ya iya taɓa shi, masu gyaran adaidaita da mashin ne, sai da aka ɗora shi a mota zuwa Kano, ban sake ganinsa ba.

Duk waɗannan da na lissafa ana iya gyara su da kuɗi da lokaci. Wanda ya fi damuna, kuma shi ne dalilin da ya sa ban saki Singer ba, shi ne maganar bashi.

Shagon ƙauye ba da kuɗi hannu yake tafiya ba, kowa ya sani. Matan aure masu sana'a a cikin gida, mai ƙosai, mai awara, mai taliya da manja, mai ƙulle-ƙullen omo da sukari, da safe za su aiko yara su karɓi kaya, sai yamma ko ranar kasuwa su biya. Manomi zai ɗauka tun shuka ya ce sai kaka in ya sayar da riɗi. Malamin firamare sai albashi. Kuɗina kullum rabinsa yana hannun mutane. Abin da ke riƙe ni shi ne nima ina da inda nake ɗauka, in na je Singer ko na yi waya, Alhaji zai ce, "Mutumin Ringim, nawa ke hannunka?" in ce ranka ya daɗe kaza ne, ya ce a loda masa, cikon ya kawo in ya sayar. Ba takarda ba lamba, ya san mahaifina, ya san shagona, shekarar da ruwa ya ci mana gari da kansa ya kira ya ce kar in damu da cikon sai na farfaɗo. Shi ma haka kamfanoni da manyan diloli ke ɗaga masa. Sarƙa ce tun daga can har kan mai ƙosai, kowa na ɗaga wa na ƙasa da shi.

Manhaja kuwa sai ka biya duka kafin mota ta taso, kuma akwai mafi ƙarancin odar da za su karɓa, wanda ya fi ƙarfin mai ɗan tebur. Daga baya suka fito da tsarin ɗauki yanzu ka biya daga baya, na ce toh madalla, da na duba sai na ga kwanaki ƙalilan ne, kuma kowace rana ka ƙara akwai abin da ke hawa kai. Mutanenmu suna jin haka suka ce ruwa ne, suka ja baya, nima ban taɓa ba. Abin mamaki a nan ƙasar akwai bankin da ba ruwa tun 2012 da Jaiz ya fara aiki, kuma Kano na cikin inda ya fara buɗewa, tsarin murabaha sananne ne, ka sayi kaya ka ɗora ribarka sananniya ka sayar min a kan lokaci, farashi ɗaya ba ya hawa. Kamfanin da kayan ma nasa ne ai shi ya fi kowa sauƙin yin haka. Na faɗa wa yaron, ya ce zai kai sama. Kuma wai na'ura ce ke auna wanda ya cancanci bashin, da abin da ka saya a wajensu kaɗai take aunawa, kenan dattijon da ya shekara talatin bai ci kuɗin kowa ba a wajenta ba shi da tarihi, yaron da ya buɗe shago jiya da babbar waya shi ne mutumin kirki.

Haka take yi da shawarar kaya. Takan turo saƙo wai kaza ya kusa ƙare maka, ƙara kaza. Ba ta san ana gobe azumi sukari da madara da man girki ake nema ba, kuma azumi duk shekara yana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya, ita lissafinta na watan Bature ne, sai ta tuna maka da sukari bayan sallah. Ba ta san da kaka kuɗi na shigowa gari ana bukukuwa ba, ba ta san da bazara kowa ya tafi cirani ciniki ya kwanta ba. Wannan ɓangaren ni kashe shi na yi.

Sai wani abu da na lura da shi wanda ya sa nake dariya in sun fara wa'azin rage hayaƙi. Motarsu in ta gama sauke kaya wayam take komawa Kano. Wayam fa. Direbanmu na gari mai tsohuwar J5 da ake rainawa bai taɓa tafiya ba kaya ba, zai tafi da riɗi da zoɓo da gero na Dawanau, wani lokacin har awaki da kaji, ya dawo da kayan tireda na mutum biyar shida, kowa ya yi wa dilansa waya an kai tasha an rubuta suna a jikin katan da maka. Haɗa kaya a mota ɗaya da suke cewa sabuwar fasaha ce, shi tun kafin a haifi yaran nan yake yi, kuma zuwa da dawowa. Jigawa ce fa, riɗi da zoɓon da ake fitarwa waje daga nan ake ɗibar mai yawa, ranar Alhamis ka je Maigatari ka gani. Na tambayi direban kamfanin me zai hana ya ɗauki buhunan mutane in zai koma ko rabin kuɗi ne, ya ce, "Yaya ai ko buhu ɗaya na ɗora aka gani aikina ya tafi, babu shi a tsarin." Da za su buɗe wannan a manhajar, manomi ya sa buhunsa a layi kamar yadda muke sa oda, da kuɗin kawo mana kaya ya ragu, da su ma sun daina kukan layinmu ba riba.

Sun ce kuma za su dinga karɓar kwalaye da jarkoki da ledar naɗi suna ba da maki a waya. Ba wanda ya ba su. Jarkar mai in ta ƙare kuɗi ce a hannu, masu ruwa da masu manja na jira, kwali mai ƙosai da mai tsire na so, buhun sukari ya zama na zuba hatsi ko a ɗinka shimfiɗar shanya. Abin da ke zame mana bala'i shi ne ledar ƙulli da ta fiya wata da ke toshe magudana awaki na ci suna mutuwa, ita kuma ba sa karɓa.

Yaron nasu dai, tsakani da Allah, shi ne kamfanin a wajenmu. Shi ke yi wa masu ƙaramar waya oda da tasa wayar, ya karɓi tsabar kuɗi ya je ya tura, ya tsaya a bakin titi ya yi wa direba kwatance, ya bi maka kuɗinka in sun maƙale. Duk abin da aka ce na'ura na yi, in ka bincika shi ne ke yi da mashin ɗinsa da mansa, kuma kamasho kawai ake ba shi. Ranar da ya samu wani aikin ban san yadda za su yi da layin nan ba.

In maki ne, uku cikin biyar zan ba su da rani, biyu da damina. Wanda shagonsa ke bakin kwalta, yana da sabis, yana da jarin da zai biya gaba ɗaya bai taɓa na cefane ba, ya shiga, zai ji daɗinsu musamman a kaya masu nauyi da ba a gaggawarsu, sukari, fulawa, omo, sabulu, nima su nake ɗauka a wajensu in na ga farashinsu ya yi ƙasa da na kasuwa. Kar dai ka bar kuɗi da yawa a asusun nasu, tura daidai na oda, kuma ka ɗauki hoton risit ɗin taransfa kafin ka rufe. Wanda ke can ciki irin namu kuwa, ko yake juya kuɗin mutane, ya riƙe dilansa da direbansa. Satin da ya wuce ma saƙo suka turo wai daga yanzu motar layinmu ta koma sau ɗaya a sati biyu sai oda ta ƙaru, kuma a bakin titi za ta dinga tsayawa, kowa ya nemi amalanke ko mashin ya shigar da nasa.